Rashin Lafiya a Ƙasar Waje: Darasi ga Ma'aurata Matafiya

Gabatarwa

Kowace shekara dubban 'yan Nijeriya suna fita ƙasashen waje, miji tare da matarsa. Waɗansu aikin Hajji ko Umra ke kai su, waɗansu ziyarar wuraren ibada a Urushalima, waɗansu fatauci a Dubai ko Alƙahira ko ƙasar Sin, waɗansu kuwa ganin 'ya'yansu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka. Mafi yawansu suna komowa gida lafiya lau. Amma akwai waɗanda ciwo kan kama ɗayansu a can, a garin da ba su da dangi, ba su jin harshen mutanensa, ba su kuma san ƙa'idar asibitocinsa ba.

Wannan darasi zai bayyana shirin da ya kamata ma'aurata su yi tun suna gida, da abin da za su yi idan ciwo ya zo, da yadda za su komo. Muna roƙon miji da mata su karanta shi tare. Idan ɗayansu ba ya karatu, to, mai yi ya karanta wa wanda ba ya yi, domin abin da ke ciki ya shafe su duka biyu.

1. Abin da ya sa ciwon baƙunta ya fi na gida wuya

A gida, idan mutum ya kwanta, dangi sukan kewaye shi. Wannan ya nemo mota, wancan ya je sayen magani, wata ta dafa abinci, wani ya kwana a asibiti. A ƙasar waje kuwa duk waɗannan ayyuka kan mutum ɗaya suke faɗawa, watau wanda ya rage da lafiya tsakanin mijin da matar. Shi ne zai yi magana da likita, shi ne zai tuna sunan magani, shi ne zai biya kuɗi, shi ne kuma zai sanar da gida.

A nan ne wata al'ada tamu takan zama haɗari. A gidaje da yawa maigida ne ke riƙe da kome a lokacin tafiya: fasfo biyu suna aljihunsa, kuɗin guzuri suna hannunsa, lambar sirri ta katin banki tana kansa, sunan masauki shi kaɗai ya sani. Muddin yana tsaye, ba a ganin laifin wannan tsari. Amma ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a filin jirgin sama, uwargida za ta tsinci kanta ba ta iya biyan kuɗin mota, ba ta kuma iya faɗin inda suka sauka. Haka nan idan matar ce ta suma, sau da yawa mijin bai san irin maganin da take sha ba, bai kuma san wanda jikinta ba ya so ba. Saboda haka tushen wannan darasi ɗaya ne: duk abin da ɗaya ya sani game da tafiyar, lalle ɗayan ma ya san shi.

2. Ganin likita da allurar rigakafi

Ya kamata miji da mata su ga likita mako 4 zuwa 6 kafin ranar tashi, musamman mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko fuka, ko amosanin jini, da mace mai juna biyu. A gaya wa likita ƙasar da za a je, da tsawon kwanakin da za a yi, da irin wahalar da ke cikin tafiyar. A roƙe shi ya rubuta takarda da Turanci, mai nuna ciwon da mutum yake da shi, da magungunansa, da rukunin jininsa, da maganin da ke sa masa borin jini.

Ƙasashe da yawa ba su barin wanda ya fito daga Nijeriya ya shiga sai ya nuna katin allurar rigakafin cutar shawara. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan an yi allurar. A da yakan mutu bayan shekara 10, amma tun daga watan Yuli na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa mutum har iyakar ransa. Kada kowa ya sayi katin ba tare da an yi masa allurar ba. Katin jabu yana iya ruɗin ma'aikaci a bakin iyaka, amma ba ya ruɗin sauron da ke ɗauke da cutar.

Masu zuwa Hajji ko Umra kuma dole ne a yi musu allurar sanƙarau mai kare mutum daga iri 4 na ƙwayar cutar, aƙalla kwana 10 kafin su isa Saudiyya. An tsananta wannan ƙa'ida ne bayan ɓarkewar sanƙarau a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, lokacin da waɗansu suka koma ƙasashensu da cutar, har ta kama iyalansu.

3. Magunguna

A ɗauki maganin da zai isa dukan kwanakin tafiya, a ƙara da na mako ɗaya ko biyu, saboda ana iya ɗage tashin jirgi. A bar kowane magani cikin kwalinsa na asali, a sa shi a jakar hannu. Akwatin da aka auna yana iya ɓata ko ya makara, sa'an nan sanyin wurin kaya na jirgi yana iya lalata allurar insulin ta masu ciwon sukari.

A rubuta sunan magani na asali, watau sunan sinadarin da ke cikinsa, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Alal misali, maganin da muka sani da Panadol, sinadarinsa shi ne farasitamol. A Amurka kuwa ana kiran sinadarin asitaminofen, ana sayar da shi da sunan Tylenol. Wanda bai san haka ba yana iya shan duka biyu a lokaci ɗaya, ya yi wa hantarsa lahani.

Har wa yau, akwai magungunan da dokar waɗansu ƙasashe ta ɗauka a matsayin miyagun ƙwayoyi, kamar tiramadol da kodin. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ana bukatar takardar likita da izinin hukuma kafin a shiga da irinsu. A 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata baƙuwa 'yar Ingila hukuncin ɗaurin shekara 3 saboda an same ta da ƙwayoyin tiramadol kusan 300 a cikin kayanta. Don haka kada a karɓi saƙon magani daga hannun kowa, kome kusancinsa. Garin magani na gargajiya da sassaƙe da ba su da rubutu a jiki su ma sukan jawo tsarewa da bincike.

Masu shan magani a kan lokaci su lura da bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7, birnin Niyok kuwa yana bayanmu da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Mai allurar insulin ya tambayi likita yadda zai gyara lokutansa tun kafin ya tashi.

4. Inshora da kuɗin asibiti

Mutane da yawa suna zaton asibitocin ƙasashen masu arziki kyauta suke ga kowa. Wannan zato ya jefa iyalai cikin bashi mai nauyi. A Ingila, ba a biyan kuɗi a sashen gaggawa, amma da zarar an ba baƙo gado, tun daga 2015 ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na ƙimar maganin. Idan bashin ya kai fam 500, ya kuma wuce wata 2 ba a biya ba, ana sanar da hukumar shige da fice, kuma ana iya hana mutum biza a gaba. A Amurka, wata doka ta 1986 ta tilasta wa asibitoci masu sashen gaggawa su duba duk wanda ya zo cikin mawuyacin hali, ko da kuɗi ko babu. Amma takardar biya tana biyo baya, kuma kwana kaɗan a asibiti yakan ci dubban daloli.

Maganin wannan shi ne inshorar lafiya ta matafiya. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya ta Shengen ba su ba da biza sai mai nema ya nuna inshorar da ta kai Yuro 30,000, wadda ta ƙunshi maganin gaggawa, da kwanciya asibiti, da mayar da mutum gida. Ko inda ba a tilasta ba, hankali ya nuna a yi. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Ghana ko Togo ko Benin ba biza har kwana 90, amma ba ta ba shi magani kyauta ba. Inshorar da mutum yake da ita a gida kuwa galibi ba ta binsa ƙetare.

A lura da abubuwa huɗu. Na farko, sunan miji da na mata duka su fito a takardar. Na biyu, a faɗi gaskiya game da ciwon da ake da shi. Wanda ya ɓoye hawan jininsa don a rage masa kuɗi, kamfani yana da ikon ƙin biya ranar da hawan jinin ya kayar da shi. Na uku, mace mai juna biyu ta tambaya ko takardar ta ƙunshi haihuwa da jinyar bakwaini, domin da yawa ba su ƙunsa ba. Na huɗu, a riƙe lambar wayar gaggawa ta kamfanin, a kira su da zarar an isa asibiti, gama sau da yawa sai da yardarsu ake fara magani mai tsada. Masu zuwa Umra su tambayi kamfanin da ya shirya musu tafiya game da inshorar da ke haɗe da bizarsu, su kuma karɓi takardarta.

5. Zaman shawara tsakanin miji da mata

Kwana biyu ko uku kafin tashi, miji da mata su zauna su kaɗai, su shirya waɗannan abubuwa:

(a) Kowa ya riƙe fasfonsa, ya kuma riƙe kwafin na abokin tafiyarsa, a takarda da kuma cikin waya. A bar kwafi na uku wurin wani amintacce a gida.

(b) A raba kuɗin guzuri gida biyu. Kowa ya san yadda ake cire kuɗi da katin banki, ya kuma san lambar sirrinsa.

(c) Kowa ya kasance da wayar da ke aiki a ƙasar da za a je, ya kuma san yadda ake buɗe ta ɗayan.

(d) Kowa ya sa katin masauki a aljihu ko a jaka, mai ɗauke da suna da adireshi cikin harshen ƙasar.

(e) A ɗauki takardar shaidar aure. Sau da yawa sunan da ke fasfon mace na mahaifinta ne, ba ya kama da na mijinta, asibiti kuwa yana iya neman shaidar dangantaka.

(f) Kowa ya haddace ciwon ɗayan da magungunansa.

Wannan na ƙarshe yana bukatar gaskiya. Akwai magidanta da ke ɓoye wa matansu ciwon sukari ko na zuciya don kada hankalinsu ya tashi, akwai kuma matan da ke ɓoye ƙaramin ciki ko wani ciwo don kada a fasa tafiya da su. Ba rashin kunya ba ne mace ta ce, "Maigida, nuna mini magungunanka in san sunayensu, ka kuma gaya mini wanda zan kira idan wani abu ya faru." Ba ragin girma ba ne kuma miji ya amsa mata dalla dalla. Abin da aka ɓoye a ɗaki, likitan ƙasar waje zai neme shi a lokacin da mai shi ba ya iya magana.

6. A cikin jirgi

Doguwar zama wuri ɗaya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma yana iya tafiya ya toshe huhu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 ya nuna cewa haɗarin yakan ninka sau biyu bayan tafiyar awa 4 ko fiye. Ya fi yawa ga masu ƙiba, da masu juna biyu, da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda aka yi wa fiɗa kwanan nan. Saboda haka a riƙa tashi ana takawa, ana motsa ƙafafu, ana shan ruwa. Idan bayan an sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, a tafi asibiti nan take.

Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya ba ya jin kome, amma mai amosanin jini ko ciwon zuciya ko na huhu yana iya galabaita, don haka ya nemi shawarar likita tukuna. Mafi yawan kamfanonin jiragen sama ba su ɗaukar mace bayan cikinta ya kai mako 36, ko mako 32 idan tagwaye ne, kuma sukan nemi takardar likita daga mako 28.

7. Cututtukan da suka fi kama matafiya

Gudawa da amai su ne kan gaba, saboda sauyin ruwa da abinci. A sha ruwan kwalba da ba a buɗe ba, ko wanda aka tafasa. A ci abinci da zafinsa, a guji ƙanƙara da ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da wani ya yanka ya ajiye. Idan gudawa ta zo, babban haɗarinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa a kai a kai. Idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama, sai asibiti.

Na biyu shi ne zafin rana. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba su da izinin aikin, ba su kuma da wurin fakewa. Alamun bugun rana su ne jiki ya yi zafi ƙwarai, mutum ya ruɗe, ya riƙa sambatu ko ya suma. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira motar asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A Saudiyya kuma a guji kusantar raƙuma da shan ɗanyen nononsu, saboda wata cutar numfashi mai tsanani da aka fara ganowa a ƙasar a 2012.

Na uku shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda sau da yawa daga gida mutum yake tafiya da shi. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Sauro yana iya cizon mutum a Kano ko Legas, zazzaɓin bai fito ba sai bayan mako ɗaya ko fiye, yana Landan ko Faris. Likitan can ba kullum yake ganin cutar ba, yana iya ɗaukarta mura ce. Wajibi ne mai jinya ya ce masa, "Daga Nijeriya muka zo ran kaza, muna roƙo a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro."

8. Alamun da ba a jira da su

Akwai alamun da ba a cewa bari mu ga wayewar gari, ko bari mu koma gida tukuna. Su ne: ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an aza masa dutse, musamman idan ya sauka hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, ko magana ta sarƙe, wuyar numfashi, suma ko farfaɗiya, zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, aman jini, da zubar jini ko ciwon mara mai tsanani ga mai juna biyu.

Game da shanyewar ɓarin jiki, a duba agogo a riƙe lokacin da alamar ta fara, domin maganin da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi. Kada a ba mutumin abinci ko ruwa, kada kuma a ɓata lokaci wajen shafe shafe.

Lambobin kiran motar asibiti su ne: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada, 997 a Saudiyya, 998 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 123 a Masar, 120 a Sin. Wanda ba ya jin harshen ƙasar ya ruga wurin ma'aikatan masauki su kira masa. Alhazai kuwa su nemi likitocin Hukumar Alhazai ta Ƙasa da jami'an jiharsu, waɗanda ke tafiya tare da su kowace shekara.

9. Aikin mai jinya a asibiti

A tafi da fasfo, da takardar inshora, da takardar likitan gida, da dukan magunguna cikin kwalayensu. Idan ba a fahimci likita ba, a nemi tafinta. Manyan asibitoci da yawa suna da su, ko ta waya. Kada a sa hannu a takardar da ba a gane abin da ke cikinta ba. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta sunan likita, da abin da ya ce, da maganin da aka ba da, da ranar. A tambayi kuɗin kowane aiki tun kafin a yi, a kuma adana kowane rasit.

Magidanta su san cewa a ƙasashe da yawa, babban mutum mai hankalinsa shi ne ke ba da izinin a yi masa magani, mace ce ko namiji. Likita zai yi magana da matar kai tsaye, ita za ta sa hannu, kuma ba zai faɗa wa mijinta sirrin ciwonta ba sai da yardarta. Kada a ɗauki wannan raini ne, doka ce. A Ingila ma, bisa dokar 2005, idan maras lafiya ya fita hayyacinsa, aure kaɗai bai ba mijin ko matar ikon yanke shawara a madadinsa ba. Likitoci za su saurari ra'ayin iyali, sa'an nan su yi abin da suka ga ya fi masa amfani. Shi ya sa yake da kyau kowa ya san ra'ayin ɗayan game da fiɗa da ƙarin jini tun suna lafiya. Macen da ta fi son mace ta duba ta tana iya roƙo cikin ladabi, amma idan rai yana cikin haɗari kada a jinkirta magani saboda wannan.

10. Ofishin jakadanci da ranar ƙarewar biza

Bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963, aikin ofisoshin jakadanci ne su taimaki 'yan ƙasarsu a ƙetare. Nijeriya tana da su a Riyad da Jidda, da Landan, da Washinton da Niyok, da Delhi, da Alƙahira, da Akara, da sauran manyan birane. Idan ciwo ya yi tsanani a sanar da su. Suna iya ba da shawara, su taimaka wajen sanar da dangi, su kuma ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda fasfonsa ya ɓata. Biyan kuɗin asibiti kuwa ba ya cikin aikinsu, kada a dogara da su a kan haka.

Jinya takan sa a manta da ranar ƙarewar biza. Tun kafin ranar ta zo, mai jinya ya karɓi takarda daga asibiti ya kai wa hukumar shige da fice ta ƙasar, ya nemi ƙarin kwanaki domin su biyun. Dokar bizar Shengen ta yarda a ƙara wa'adi kyauta idan wani dalili na dole ko na jinƙai ya hana mutum fita. Wanda ya yi shiru har biza ta mutu yana iya gamuwa da tara ko hani daga shiga ƙasar a gaba. A kuma sanar da kamfanin jirgi da wuri don a sauya ranar tikiti.

11. Mai jinya ya kula da kansa

Idan mai jinya ya faɗi, marasa lafiya sun zama biyu, ba kuwa na ukun da zai tsaya musu. Don haka ya ci abinci, ya sha nasa maganin, ya sami barci ko kaɗan ne. Ya zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa ba labari, shi kuma ya isar wa sauran dangi, don kada waya ta hana shi sauraron likita. Ya nemi ƙungiyar 'yan Nijeriya ta garin, ko masallaci ko coci mafi kusa, ko zango inda akwai shi, gama a irin waɗannan wurare ba a rasa mai taimakon baƙo. Amma ya yi hattara da 'yan damfara masu alkawarin rage kuɗin asibiti idan an ba su wani abu. Ya kuma yi haƙuri da maras lafiya. Ciwo a baƙon wuri yakan sa mutum fushi da tsoro, kalma mai daɗi kuwa tana rage masa nauyi.

12. Idan rai ya yi halinsa

Idan ajali ya zo a can, a sanar da ofishin jakadanci da kamfanin inshora nan da nan, a karɓi takardar shaidar mutuwa, a yi kwafinta da yawa, domin za a bukace ta wajen rabon gado da fansho da banki. Alhazan da suka rasu a Saudiyya a can ake binne su bisa al'ada. A sauran ƙasashe iyali ne za su zaɓa tsakanin binnewa a can da kawo gawa gida. Kawowa tana da tsada, tana cin kwanaki, kuma galibi sai an yi wa gawa magani an rufe ta cikin akwati na musamman. Magana ce mai nauyi, amma ya fi sauƙi ga wanda ya rage idan ya riga ya san abin da marigayi yake so.

13. Komowa gida

Kada a hau jirgi sai likita ya yarda. Bayan bugun zuciya da bai zo da wata matsala ba akan jira kwana 7 zuwa 10, bayan babbar fiɗar ciki ko ƙirji kuma kamar kwana 10. Kamfanin jirgi yana iya neman likita ya cika takardarsu. A nemi keken guragu tun lokacin gyara tikiti. A karɓo cikakken rahoton asibiti, da sakamakon gwaje gwaje, da maganin da zai isa har a ga likitan gida, a kuma gan shi cikin makon farko.

Wanda zazzaɓi ko tari ko gudawa ya kama cikin mako 3 bayan ya dawo, ya gaya wa likita ƙasar da ya je. Ta hanyar matafiyi ɗaya cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014, ta hanyar matafiyi ɗaya kuma aka fara samun cutar korona a Nijeriya a watan Fabrairu na 2020. Faɗin gaskiya yana kare iyali da maƙwabta da ma'aikatan asibiti.

Tambayoyi don bita

Miji da mata su yi wa juna waɗannan tambayoyi. Idan ɗaya ya kasa amsa ko guda, shirin tafiya bai kammala ba tukuna.

1. Wane ciwo abokin tafiyarka yake da shi, kuma mene ne sunayen magungunansa na asali?
2. Wane magani ne jikinsa ba ya so?
3. Ina takardar inshora take, kuma wace lamba za a kira?
4. Mece ce lambar motar asibiti a ƙasar da za ku je?
5. Mene ne sunan masaukinku da adireshinsa?
6. Idan ɗayanku ya suma yau, yaya ɗayan zai sami kuɗi?
7. Yaushe bizarku za ta ƙare?
8. Wa za a fara kira a gida?

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.